Ba sai sun saurari kiranka ba

A 2009 wani ɗan siyasa a Jamus mai suna Malte Spitz ya maka kamfanin Deutsche Telekom a kotu, buƙatarsa guda ɗaya ce, a ba shi duk abin da kamfanin ya ajiye a kan layin wayarsa. An sha jan ƙafa kafin a daidaita, daga ƙarshe dai suka miƙa masa na wata shida, bayanai sama da 35,000 a jere, shi kuma ya ba jaridar Die Zeit ta ɗora su a kan taswira a 2011. In ka danna sai ka ga ɗigo yana yawo, ga shi ya hau jirgin ƙasa, ga garin da ya kwana, ga lokacin da wayar ta yi tsit, ga ranar da kira ke shigowa ba ƙaƙƙautawa. Babu kalma ko ɗaya daga cikin abin da ya faɗa a waya. Amma duk wanda ya zauna ya kalli taswirar nan ya san rayuwar mutumin fiye da maƙwabcinsa na jikin katanga.

To a nan gizo ke saƙar a duk rigingimun da ake yi yau kan dokokin yaɗa labarai da sadarwa da sirri. Da can kowace doka da hurumin ta. Ta jarida ta san edita da ɓata suna, ta sadarwa ta san lasisi da kuɗin kira, ta sirri kuma ta ce kar a buɗe wasiƙarka, kar a shiga ɗakinka sai da izinin alƙali. Wayar da ke aljihunka ta haɗe su duka wuri ɗaya, da ita kake karanta labari, da ita kake kira, ita ce kuma ke rubuta inda ka kwana, shi ya sa yanzu dokokin ke karo da juna, wannan ta ce a goge, waccan ta ce a ajiye, kuma kamfani ɗaya suke wa magana.

Mu fara da yadda abin ke aiki, don ba mugunta ce ta kawo shi ba tun asali. Waya ba ta samun kira sai kamfani ya san wane ƙarfen sabis ne ke kusa da ita, in ba haka ba ina zai tura kiran? Don haka muddin tana kunne tana ta sanar da kanta, ko ka taɓa ta ko ba ka taɓa ba. Ga kuma lissafin kuɗi, wa ka kira, ƙarfe nawa, minti nawa. Wannan sawun dole ne ya samu. Abin da ba dole ba shi ne a ajiye shi shekara biyu, ko a sayar da shi, ko a miƙa wa duk jami'in da ya aiko takarda.

Tsohuwar doka ta raina wannan sawun ƙwarai. A 1979 Kotun Ƙolin Amurka ta ce lambobin da ka buga ba sirri ba ne, tunda da hannunka ka ba kamfanin waya, don haka ƴan sanda ba sa buƙatar waranti, wato takardar izinin alƙali. A zamanin wayar girke wannan maganar tana da ɗan ma'ana. Sai ga shari'ar Timothy Carpenter, wanda aka tuhuma da fashi a shagunan sayar da waya a jihohin Michigan da Ohio, masu bincike suka karɓi tarihin inda wayarsa ta kasance na kwana 127, wurare 12,898, ba tare da waranti ba. A 2018 alƙalai 5 cikin 9 suka ce a'a, irin wannan bin diddigin bincike ne sosai, sai da waranti. Ka lura da ratar, ƙuri'a ɗaya ce tak ta raba, kuma an ɗauki kusan shekara 40 kafin kotu ta yarda cewa ba kamfani bayani don waya ta yi aiki ba daidai yake da sallama shi ga duniya ba. Su kuwa masu leƙen asiri sun daɗe da sanin darajar abin. Michael Hayden, tsohon shugaban hukumomin leƙen asirin Amurka na NSA da CIA, ya faɗa a bainar jama'a a 2014 cewa suna kashe mutane bisa irin waɗannan bayanan.

Turai ta bi wata hanyar daban, ita ma ta sha karo. Bayan hare-haren Madrid a 2004 da na Landan a 2005, Tarayyar Turai ta yi doka a 2006 da ta tilasta wa kamfanoni ajiye sawun kiran kowa da kowa daga wata 6 zuwa shekara 2. Kowa fa, ba wanda ake zargi kaɗai ba. A 2014 kotun Tarayyar ta soke dokar gaba ɗaya, ta ce ba a mayar da al'umma sukutum waɗanda ake tuhuma. Amma tsugune ba ta ƙare ba, ƙasashe suka ci gaba da yin nasu dokokin, ana kai su kotu, suna sake fasali, ana sake komawa, har yau ana kai. Ostiraliya kuwa ta yi tata a 2015, shekara biyu cur.

Ni ba na cikin masu cewa jami'an tsaro ƙarya suke yi. In an sace yaro, ko mutum ya ɓata, sawun waya yana iya zama abu ɗaya tilo da za a kama, kuma iyayen da ke jiran labari ba sa son jin wata muhawara ta lauyoyi. Hakan gaskiya ne. Inda nake tsayawa shi ne, don a samu na mutum ɗaya sai an tara na miliyoyi, kuma abin da aka tara ba ya zama a inda aka ajiye shi.

Duba abin da ya faru a Amurka bayan hukuncin Carpenter ɗin. Kotu ta rufe ƙofa ɗaya sai aka ga ashe kasuwa a buɗe take. A 2019 wani ɗan jarida na shafin labarai na Motherboard ya ba wani mai farautar waɗanda suka tsallake beli dala 300, mutumin ya dawo masa da taswirar inda wata waya take, kuma bayanin ya samo asali ne daga kamfanin layin kansa, ya bi ta hannun dillali zuwa dillali har ya iso. Sai a Afrilun 2024 hukumar sadarwa ta FCC ta ci kamfanonin layi na AT&T da Verizon da T-Mobile da Sprint tarar kusan dala miliyan 200, su kuma suka garzaya kotu. A 2023 ofishin shugaban hukumomin leƙen asirin ƙasar ya saki wani rahoto da ya amsa cewa hukumomin na sayen bayanan mutane a kasuwa da yawan gaske. Kenan abin da doka ta ce sai da sa hannun alƙali, ana samun kusan irinsa da rasit. Kuma yawancinsa ma ba daga kamfanin layi yake fitowa ba, daga manhajojin da muka loda ne, ta yanayi, ta wasa, ta tocila, kowacce ta nemi izinin sanin inda kake.

In ka yi magana sai dillalan su ce ai sun cire suna. Wani bincike da Yves-Alexandre de Montjoye da abokan aikinsa suka wallafa a 2013, kan bayanan mutum miliyan 1.5, ya nuna wuri huɗu kacal tare da lokacinsu sun isa a ware mutum 95 cikin 100 daga cikin taron. Kuma ko ba bincike hankali ma zai ba ka, mutum nawa ne ke kwana a gidanku kuma suke wuni a wurin aikinka?

Sai batun amincewa, wanda a ganina shi ne babban ramin da dokokin sirri na zamani suka faɗa. Dokar GDPR ta Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ta kawo abubuwa masu kyau, kana da haƙƙin ka nemi a nuna maka abin da aka ajiye a kanka, ka nemi a gyara, ka nemi a goge, kuma tara na iya kaiwa kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya. Ƙasashe da yawa sun ɗauki samfurinta, Burazil a 2018, Kenya a 2019, Najeriya da Indiya a 2023. Amma abin da talaka ya gani da idonsa daga duk wannan shi ne akwatin nan da ke tare maka shafi. Maɓallin yarda ƙato mai launi, na ƙi kuwa sai ka shiga wani shafi, ka kashe wannan, ka kashe wancan, ka gangara ƙasa, kai kuma labari ɗaya ka zo karantawa, sai ka danna yarda ka wuce, shikenan a takarda an rubuta ka amince kamfanoni ɗaruruwa da ba ka taɓa jin sunansu ba su bi sawunka. A farkon 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa ta ci Google tarar yuro miliyan 150, Facebook miliyan 60, a kan wannan dabarar kaɗai, wato ƙi ya fi yarda wahala. Tun 2008 wasu masu bincike biyu a jami'ar Carnegie Mellon suka lissafa cewa in mutum zai karanta ƙa'idojin sirrin duk shafukan da yake shiga, zai kashe sama da awa 200 a shekara. Dokar da ta jingina a kan cewa kowa zai karanta ta ɗora kayan ne a kan wanda ya fi kowa rashin ƙarfi a cinikin.

Tarar ma sai a hankali. Yuro biliyan 1.2 da Ireland ta ci Meta, kamfanin da ke da Facebook da WhatsApp, a Mayun 2023 kan kwashe bayanan Turawa zuwa Amurka ita ce mafi girma a ƙarƙashin dokar, an yi ta yayatawa, amma cinikin kamfanin a shekarar ya haura dala biliyan 130, ka ga kuɗin kwana huɗu ma ba su cika ba. Hukumar kare masu sayayya ta Najeriya ita ma ta ci shi dala miliyan 220 a 2024. Ban ce ba su da amfani ba, amma tara ihu ne bayan hari, bayanan sun riga sun tafi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Gwamnatocin da ke rubuta dokar kare bayanai su ne kuma suka fi kowa ƙishirwar bayanan. Dokar Indiya ta 2023 ta ba gwamnati damar ta keɓe hukumominta daga sharuɗɗan, alhali a 2017 alƙalai tara na kotun ƙolin ƙasar sun haɗu a kan cewa sirri haƙƙi ne na tsarin mulki. Ƙasashe sama da 150 sun wajabta rajistar layi da katin shaida, wasu har da hoton yatsa da na fuska, wato sawun nan da muke magana yanzu manne yake da cikakken sunanka. Amurka da Birtaniya ba su wajabta ba.

Wurin da abin ya fi ci mini rai shi ne aikin jarida. Dokoki da yawa sun ba ɗan jarida damar ya ƙi bayyana majiyarsa ko a gaban alƙali, wasu ƴan jaridar har kurkuku sun shiga a kan haka. To yau wa ma zai tsaya tambayarsa? A 2013 aka gano ma'aikatar shari'ar Amurka ta karɓi tarihin kiran layuka sama da 20 na kamfanin dillancin labarai na AP a asirce, na wata biyu, tana neman wanda ya kwarmata wani labari. A Disambar 2022 kamfanin ByteDance mai TikTok ya amsa cewa ma'aikatansa sun leƙa bayanan wasu ƴan jarida don su ga ko sun taɓa zama wuri ɗaya da wani ma'aikacin kamfanin, aka kori mutum huɗu. Ka ga dabarar, ba ruwansu da abin da aka tattauna, waya biyu sun haɗu a gini ɗaya na awa ɗaya, magana ta ƙare. Ma'aikacin da ya ga ana satar kuɗin asibiti ya san wannan, sai ya ja bakinsa ya yi shiru, kuma babu wanda zai taɓa lissafa labaran da ba a buga ba saboda haka. Ga manhajar leƙen asiri ta Pegasus a gefe, ta kamfanin NSO wanda WhatsApp ya kai ƙara a 2019 kan kutsen wayoyi kusan 1,400, cikinsu har da na ƴan jarida da masu kare haƙƙi.

Kuma dokar sirrin kanta ana juya ta a soki jarida da ita. A 2018 ƴan jaridar RISE Project a Romaniya suka fallasa wata badaƙala da ta shafi shugaban jam'iyya mai mulki, sai hukumar kare bayanai ta aiko musu takarda wai su faɗi inda suka samo bayanan, tare da barazanar tara har yuro miliyan 20, duk da GDPR ɗin ta ce a ware aikin jarida. Haƙƙin a manta da kai ma haka yake da kaifi biyu. Ya samo asali ne daga wani ɗan Sifaniya da a 1998 wata jarida ta buga sanarwar gwanjon kadararsa saboda bashi, ya biya bashin tuni amma duk wanda ya rubuta sunansa a Google sai abin ya fito, a 2014 kotu ta ce a cire daga sakamakon bincike, jaridar kuma ta bar nata. Ga mutum irinsa adalci ne. Ga ɗan siyasar da ke son wanke tarihinsa kafin zaɓe kuwa, makami ne, kuma wanda ke tantance wanne ne wanne a matakin farko ma'aikacin kamfani ne, ba alƙali ba.

Yanzu mu zo kan zancen da ya fi zafi a ƴan shekarun nan, kulle saƙo da kare yara. WhatsApp da Signal suna kulle saƙo tun daga wayar mai aikawa har zuwa ta mai karɓa, kamfanin ma ba ya iya karantawa. Gwamnatoci na cewa a bar musu ƙofar baya saboda ƴan ta'adda da masu lalata da yara. A Fabrairun 2025 Apple ya janye tsarin kullewa mafi ƙarfi na ma'ajiyarsa ta iCloud daga Birtaniya bayan rahotannin cewa gwamnati ta nemi irin wannan ƙofar. Indiya tun 2021 ta nemi a riƙa gano wanda ya fara tura saƙo, WhatsApp ya tafi kotu. Masana tsaron kwamfuta sun gaji da maimaita cewa ba a ƙera ƙofar da mutanen kirki kaɗai za su bi, kuma ba hasashe suke yi ba, an gani. Tsakanin 2004 da 2005 wasu suka shiga na'urorin Vodafone a Girka ta hanyar tsarin da aka tanada don sauraron kira bisa umarnin kotu, suka saurari wayoyi sama da 100, har da ta firaminista. A 2024 aka gano masu kutsen da ake kira Salt Typhoon sun shige manyan kamfanonin sadarwar Amurka, sun taɓa har tsarin da ake amsa buƙatun kotu na sauraron kira, Amurka ta ɗora wa Chaina, Chaina ta musanta. Wata dokar Amurka ta 1994 ce ta tilasta wa kamfanonin gina wannan tsarin.

Tantance shekaru ma haka. Birtaniya ta fara tilasta shi a Yulin 2025, Ostiraliya ta hana ƴan ƙasa da shekara 16 riƙe asusu a manyan shafukan sada zumunta daga 10 ga Disambar 2025. Niyyar kam ba wanda zai kushe, duk mai ɗa ya san abin da ke yawo a wayoyin nan. Sai dai don a gane yaro dole a tantance babba ma, a ce ya ɗaga katinsa ko ya nuna fuskarsa ga kyamara, sai a sake tara wani sabon rumbun. A Oktoban 2025 kamfanin manhajar hira ta Discord ya sanar cewa hotunan katin shaidar mutum kusan 70,000 na iya fita ta hannun wani kamfani da yake masa aiki. Kafin nan a 2022 an kwashe bayanan kusan mutum miliyan 10 daga kamfanin layi na Optus a Ostiraliya, har da lambobin fasfo, har da na waɗanda suka daɗe da barin layin. A 2024 AT&T ya amsa cewa an sace tarihin kira da tes na kusan duk masu layinsa na wata shida. Fasuwod in ta fita ka canja, fuskarka fa, da tarihin wanda ka kira tsakar dare?

Shi ya sa in aka kawo sabon ƙudiri a kowace majalisa, girman tarar da aka rubuta ba shi ne abin da nake fara dubawa ba. Ina neman sashen da ya ce wannan bayanin ba za a karɓa ba sam, ko da mutum ya danna yarda, da wanda ya faɗi ranar da za a goge, da wanda ya ce sai alƙali ya sa hannu ba shugaban hukumar da ke neman bayanin ba, da kuma ko za a sanar da mutum daga baya cewa an duba nasa, don wanda bai sani ba ba zai taɓa kai ƙara ba, dokar da ba a kai ƙara a kanta kuma ba ta gyaruwa. Kuma abin mai yiwuwa ne. A 2016 masu gabatar da ƙara a Amurka suka aika wa Signal sammacin bayanai, abin da kamfanin ya iya bayarwa shi ne ranar da aka buɗe asusu da ranar ƙarshe da ya hau, don iyakar abin da ya ajiye kenan.

Kamfanin layi ba zai iya zama kamar Signal ba, dole ya san inda kake don kira ya same ka, dole ya riƙe lissafi har a biya kuɗi. Amma akwai tsaka-tsaki da aka daɗe da rubutawa. Yarjejeniyar Budapest ta 2001 kan laifukan intanet ta tanadi cewa in an fara bincike, hukuma na iya umartar kamfani nan take ya daskarar da bayanan wani takamaiman mutum har kwana 90, kar a goge, kafin a samo izinin karɓa. Ƴan sanda na ƙorafin cewa wani lokacin kafin a kawo musu rahoto tsohon sawun ya riga ya goge, kuma ƙorafin yana da tushe, za a rasa wasu shari'o'in ta haka. Sai dai har yanzu waɗanda ke neman a ajiye na kowa shekara biyu su ne ya kamata su zo gaban majalisa da alƙaluma, shari'a nawa ce aka warware da bayanin da ya wuce wata uku, nawa ce da wanda ya wuce shekara, a buga kowa ya gani, sannan a yanke tsawon lokacin a kan haka.